Wannan Ba Naki Ba Ne

Shekara biyar ke nan da rasuwar Madam Ngozi, mai shagon tura fina-finai da ke jikin shagon ɗinkina a bakin kasuwar Zuru. Na so in ce kamar jiya ne, tunda haka masu irin wannan rubutu suka saba faɗa, amma ƙarya zan yi. Ba kamar jiya nake ji ba, ba kuma kamar an daɗe ba. An sake wa shagon nata fenti, wani mutum na sayar da caja da murfin waya a ciki, ni kuwa kullum da safe ina bi ta gaban ƙofar in buɗe tawa. Ba na kuka, ba na kuma jin cewa na warke. Da ba don abin da ya faru a shagona kwanakin baya ba, da ranar ta zo ta wuce kamar sauran, in tuna ta a zuciya in ci gaba da taka keke.

Ga wanda bai san ta ba, Madam Ibo ce, amarya aka kawo ta garin nan daga kudu, mijinta na sayar da kayan gyaran babur. A kasuwa ta koyi Hausa, ta haɗa da ɗan Dakarcin da za ta yi ciniki da shi, har ta kai in tana faɗa da mai kawo mata man janareto sai ka rantse a unguwar Rikoto ta nan Zuru aka yanke mata cibiya. Da kaset ta fara, ta koma faifai, da faifai ya mutu ta sayi tsohuwar kwamfuta ta ɗora a tebur. Mutum ya zo da wayarsa ko da memori, ya faɗi fim ɗin da yake so, ta tura masa. Bango ɗaya ne tsakaninmu, bangon ma na katako, don haka duk abin da ta kalla na ji shi, ita ma duk ƙarar kekena ta sha ta. Shekaru muka yi a haka, ita da cocinta ni da sallata, ba mu taɓa samun saɓani a kan wannan ba. Saɓaninmu duk a kan fim ne.

Matar nan tana da wata ɗabi'a da ban taɓa gani wurin wani mai wannan sana'a ba. Ba ta tura wa mutum abin da ba ta kalla da idonta ba. Shiri mai dogon zango ko kashi nawa ne sai ta bi shi, tana ɓare agushi a tire, gilashi a kan hanci, kafin ta yarda ya shiga wayar kowa. Sannan ta san garin. Ta san wadda aka saka, ta san wanda matarsa ta rasu wurin haihuwa, ta san wanda ɗansa ke gidan yari. In ka zo ka ambaci fim ɗin da ta ga akwai abin da zai fama maka ciwo a ciki, sai ta dube ka ta saman gilashi ta ce wannan ba naka ba ne, ta zaɓo maka wani. Ba ta faɗin dalili. Ko wuni za ka yi kana tambaya, iyakarta ta maimaita maka, ta miƙo maka wayarka.

Akwai wani dattijon Bafulatani da ke zuwa duk ranar kasuwa da wayarsa a naɗe cikin leda. Shekarar da aka kore masa shanu ya zo ya ce a sa masa wani fim da ya ji samari na yabo a ruga. Madam ta san a tsakiyar fim ɗin akwai inda ake kora garke ana harbi. Ta ce ba nasa ba ne. Tsohon ya ce da kuɗinsa fa. Ta ce ta gani, ba nasa ba ne dai. Ta zuba masa na barkwanci, ya zauna nan kan bencinta yana mita, can sai muka ji dariyarsa har cikin shagona, yana share ido da gefen rawani. Mako na zagayowa ya aiko mata da nono a ƙwarya, bai kuma sake tambayar wancan ba.

Ba kowa ke ɗauka haka ba. Wasu su yi fushi su tsallaka titi wurin samarin da ke tura komai ba tambaya, bayan kwana biyu ka gan su sun dawo suna sosa ƙeya. Ni kuwa na sa mata suna hukumar tace fina-finai ta mutum ɗaya, in na ji ta hana wani sai in buga katakon in ce hukuma ta zauna. Ta kan ce in ji da zarena. Wata rana na tambaye ta wa ya naɗa ta, ta ce mai kemis ma ai yana tambaya ko kana da gyambon ciki kafin ya ba ka ƙwaya, ita ba ta ga bambanci ba.

Ra'ayinta a kan fim kuwa ba ta ɓoye shi. Ba ta ƙaunar 'yar wasan da za ta yi kuka kwallinta bai motsa ba. Ba ta yarda da gidan talakan da aka shimfiɗa wa tayil. Fassarar Indiya don sana'a kawai take kallonta, tana tsaki. Inda muka fi kai ruwa rana shi ne fina-finan da aka ɗauko daga littafi. Ni mai karatun littattafan Hausa ce tun ina makaranta, ita kuwa sai abin da ta ji ana karantawa a rediyo, don haka duk sanda aka mai da wani littafi fim, ni ce mai cewa sun ɓata shi, yarinyar ba haka take ba, sun yanke wuri kaza. Sai ta ce mu masu littafi ba za a taɓa gamsar da mu ba, kowaccenmu ta riga ta ɗauki fuskar wani saurayinta na da ta liƙa wa jarumin, shi ya sa ko wa aka kawo sai mu ce bai yi ba. Na ce ƙarya take yi, amma ban sake tayar da zancen ba ranar.

A cikin irin waɗannan ne aka yi wani shiri da muka bi tare. Shi littafinsa bai taɓa zuwa hannuna ba, don haka ban san inda labarin ya nufa ba. Wata mata ce mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa ɗaya, ɗan ya bar matarsa a gida ya tafi fatauci bai dawo ba, ba gawa ba labari, ita kuma ta hana a yi masa sadaka. Da azahar in kasuwa ta lafa sai Madam ta jawo kujera ƙofar shagona, ina kalmasa da hannu muna kallo. Ita ta riga ta gani, amma ko roƙonta na yi ba ta gaya mini abin da ke gaba. Mun yi wa uwar cikin fim ɗin dariya ba kaɗan ba, don ko sallama aka yi sai ta suma. Madam ta ce wanda ya shirya wannan bai taɓa rasa kowa ba, macen da abu ya ci da gaske ba ta suma, tsintsiya take ɗauka ta share tsakar gidan da ta riga ta share. Na ce ina ta sani. Ta ce ta dai sani. Sai daga baya na ji cewa ta taɓa binne 'ya tun kafin mu san juna.

Muna tsakiyar shirin nan abin ya faɗo gidana. Ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa, ba kuma zan rubuta shi a jarida ba, Direba muke ce masa tun yana ƙarami saboda son mota, kuma direban ya zama. Hatsi yake ɗaukowa daga kasuwar Bena ya kawo Zuru. Wata ranar kasuwa ya fita da safe, da yamma aka zo aka ce an ga motarsa a gefen hanya, ƙofa a buɗe, buhunan dawa na nan ba wanda ya taɓa. Mutanen wannan yanki sun san abin da ake yi bayan haka. A yi cajin waya, a ajiye ta kusa, a jira waɗanda suka ɗauke shi su kira. Muka ajiye wayar. Wasu da aka ɗauka a hanyar nan an kira danginsu, wasu sun dawo, wasu an kawo labarin inda aka bar su. Mu ba a kira ba. Lokacin bai cika shekara da auren matarsa Saratu ba, 'yar wani manomi daga Manga, ko ciki ba ta samu ba.

Ban suma ba. Na share tsakar gida, na sake sharewa, sai da na ga tsintsiyar a hannuna na tuna maganar Madam. Ita kuwa ta rufe shagonta ta zo ta zauna cikin masu jaje da ɗankwalinta, tana ce mini in sha ruwa. Maman Direba take kirana. Mutane da yawa sun daina kirana haka daga ranar, suka koma Hajiya ko Mai ɗinki, don kada su tuna mini. Ita ba ta daina ba har ta mutu.

Da na koma shago bayan wasu watanni, hannuna na ɗinki amma kaina babu komai a ciki. Ni da bakina na ce mata ta ci gaba da tura mini shirin nan. Ta daɗe tana kallona, na ɗauka za ta hana, sai ta karɓi wayar. Kaɗan-kaɗan take ba ni, kuma ba ta ƙara jawo kujera mu kalla tare ba. Na bi uwar cikin fim ɗin tana yawon ofishin 'yan sanda da gidajen malamai, wuraren da ni ma na je, ana gaya mata abin da aka gaya mini. Ba zan ce yana rage mini wani abu ba. Yana dai cinye mini azahar zuwa la'asar. Ranar da na kai mata waya don kashi na ƙarshe, ta karɓa, ta riƙe, ta dube ni ta saman gilashin nan.

"Wannan ba naki ba ne, Maman Direba."

Na tsaya. Na ce, "Madam, ni ce fa."

"Na san ke ce," ta ce, ta miƙo mini wayata.

Ban tambayi dalili ba, na san ba a samu. A ganina ma ba na bukatar tambaya. Mace ta yi shekaru tana hana mutane abin da zai fama musu ciwo, yau ta hana uwar wanda ya ɓata ganin ƙarshen labarin wanda ya ɓata, ai magana ta ƙare, gawarsa aka tsinta. Haka na yanke, haka na riƙe. Na ji zafinta a ranar, zafi sosai, don gani na yi kamar ta riga ni binne ɗana. Titi kawai zan tsallaka samarin can su tura mini, amma ban tsallaka ba. Wani abu ya zauna mini a rai, wanda na san ba hankali a cikinsa, cewa muddin ban ga an tsinci gawar yaron cikin fim ba, to nawa ma ba a tsinta ba. Muka ci gaba da gaisawa, tana miƙo mini agushi ina rage mata siket, zancen shirin bai sake haɗa mu ba.

Ba a rufa shekara ba ta faɗi a shago da hantsi, hawan jini. Ni na fara jin ƙarar tiren agushi a ƙasa. Ta yi 'yan kwanaki a asibiti ba ta magana, ta cika. 'Yan cocinsu suka yi mata waƙoƙi a ƙofar gida, ni na ɗinka wa matan ankon da suka sa, sannan aka sa ta a mota aka tafi da ita garinsu, don su ba sa barin nasu a baƙon wuri, ko da baƙon wurin ya ci fiye da rabin rayuwar mutum. Mijin ya tattara ya bi ta daga baya. Mutum biyu ke nan na rasa a tsakanin nan, ita da ɗana, kuma ba wanda zan iya nuna inda yake kwance a ƙasar Zuru.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yadda kallo ya koma yanzu. Sana'arta dai ta kusa mutuwa, ko samarin tsallaken titi sun koma sayar da data. Kowa da talabijin a tafin hannunsa, shiri ya fita yau, kafin gobe an gama yanke masa hukunci. Matan da ke kawo mini ɗinki kowacce ta zama malamar fim. Wannan ta ce lallai in kalli kaza, zai sa ni kuka, sai ka ce kuka wani abu ne da na rasa inda ake sayarwa. Waccan ta ce zango na biyu bai kai na farko ba, sun ja shi ne don talla. Littattafan da ake rubutawa a waya ma duk an bi su ana mai da su fim, masu littafin na nan da ƙorafinsu irin nawa na da, har nakan ji kamar in buga katako in gaya wa Madam ga 'yan uwana sun yi yawa. A guruf ɗin matan unguwa kuwa ana ta turo shawarar abin kallo, kuma wadda ta riga kowa gani ita ce mai gaggawar faɗin wanda ya mutu a ƙarshe. Ba wadda ke tsayawa ta duba wa take gaya wa.

Wayar ma kanta ta zama mai ba da shawara. Akwai maƙwabciyata da aka taɓa ɗauke mijinta, Allah ya sa ya dawo. Sau ɗaya ta taɓa wani shiri na masu garkuwa da mutane, tun daga ranar duk sanda ta buɗe waya sai an jero mata irinsa, mutane ɗaure a daji, bindiga a ka. Ta kawo mini tana tambaya ko akwai inda ake dannawa a ce ya isa. Ban sani ba. Irin waɗannan shirye-shirye sun yi yawa yanzu, ana yin su a manyan birane, ɓarayin dajin cikinsu da wankakkun kaya da fararen haƙora, a ƙasa masu sharhi na rubuta cewa ya taɓa musu zuciya, a ƙaro wani. Ba na jin haushinsu. Ina dai tunanin da Madam na nan da ta kalle su duka tana tsaki, ta ware waɗanda ba za su shiga wayar kowa ba daga nan har Bena. Ko kuma da ta gaji ta koma sayar da agushinta, tunda ba wanda zai ƙara bi ta wurinta kafin ya kalli abu.

Duk shekarun nan Saratu na gidana, ba ta koma Manga ba. Na koya mata ɗinki, ita ke kan keke na biyu, yanzu ma ta fi ni hannu a wuyan riga. Mahaifinta na zuwa bayan kowace kaka da ɗan buhun dawa, su yi ƙus-ƙus da Dakarci shi da 'yarsa a zaure, sannan ya juyo gare ni da Hausa ya yi ta kewaye-kewaye a kan damina da tsadar taki, daga ƙarshe ya ce yarinya dai tana girma. Na san abin da yake nufi. Malamai sun yi mana bayani tuntuni cewa matar wanda ya ɓata tana da damar kai maganarta gaban alƙali a raba auren, balle an kai waɗannan shekaru. Akwai wani malamin makaranta a Rikoto da matarsa ta rasu, mutumin kirki, ya aiko ba sau ɗaya ba. Saratu ta ce ba inda za ta sai Inna ta ce ta tafi. Ni ce Innar. Ban ce ta zauna ba, ban kuma ce ta tafi ba, kullum sai in ce a bari a ga bayan salla. In na ce ta tafi, na faɗi abin da bakina bai taɓa faɗa ba game da ɗana. Haka ta yi ta ƙara shekaru a kan keke ina kallo.

To, bana sai aka sake ɗaukar shirin nan sabo, da sababbin 'yan wasa, gari ya ɗauka. Kwanakin baya da rana shagona cike da masu ɗinkin biki, sai Hajiya Balki, wata mai sayar da atamfa da ba ta iya magana a hankali ba, ta buɗe zancen. Ta ce sun ɓata shi, sun canja ƙarshen, ita na da ta sani.

"Ai na farkon, ƙarshen shi ne daɗin," ta ce. "Lokacin da uwar taz zamna tana tsintar shinkafa, sai..."

Sai keken Saratu ya ɗauka da ƙarfi, ƙarar ta rufe shagon gaba ɗaya. Ta yi ta takawa ba ta ɗago ba har allura ta karye. Matan suka juya suna tambayar lafiya, zancen ya bi ruwa, aka koma kan tsadar leshi. Ni ina kusa da ita, na ga abin da ba su gani ba. Babu ƙyalle a ƙarƙashin allurar.

Da suka watse na ce ta janyo ƙofa. Na tambaye ta tun yaushe take wannan aikin. Ta sunkuyar da kai ta ce an daɗe, duk sanda wata ta ɗauko zancen shirin nan sai ta san yadda ta yi ta kawar da shi. Ta ce Madam ce ta ja ta gefe tun wancan lokacin, ta ce kada ta bari Inna ta ga kashi na ƙarshe, kada kuma ita ma ta gani.

"Kin gani?" na ce.

"Na gani, Inna. Bayan da anka tahi da Madam. Shina cikin wayata hal yanzu."

"Sa muna."

"Inna..."

"Sa muna, Saratu. Gawa ce, na sani. Na gaji da saninta ban gan ta ba."

Ta dube ni wani iri, ta jingina wayar da gwangwanin maɓallai, ta danna.

Uwar na zaune a tsakar gida tana tsintar shinkafa, an zana mata tsufa a fuska. Aka yi sallama. Ba ta ɗago ba, ta amsa ta ce a shigo. Sai ga shi. Ya rame, gemu ya cika masa fuska, yana ɗingishi, amma shi ne, da ƙafafunsa. Ya durƙusa ya ce ya dawo. Tiren shinkafa ya kife, aka saki kiɗa, maƙwabta suka cika gidan, matarsa ta fito daga ɗaki da gudu. Aka rubuta ƙarshe.

Ban ji komai ba, in gaya muku gaskiya. Abin da na lura da shi shi ne kalmasar zanen uwar a karkace take, na ce a raina wane tela ne wannan. Sai da wayar ta yi duhu na ga fuskata da ta Saratu a ciki, sannan abin ya fara isowa a hankali. Shekara biyar da ɗoriya ina cewa Madam ta ɓoye mini gawa. Ashe da gawa ce wataƙila da ta tura mini, ta jawo kujera ta zauna kusa da ni. Dawowar ce ta hana ni. Ta kalli kashin nan ita kaɗai a bayan katako, ta san hanyar Bena, ta san wayar da ba a kira ba, ta ga cewa in na ga wannan zan mai da kujerata bakin ƙofa in ƙare rayuwata a can.

Saratu ce ta tabbatar mini ba tare da na tambaya ba. Ta ce tun da ta gani, ko mai ruwa ne ya yi sallama sai gabanta ya faɗi. In ta yi niyyar gaya wa babanta ta amince, sai ta tuna matar cikin fim da ta fito daga ɗaki da gudu, ta ce to da ta yi aure fa, ya shigo ya tarar da wa. Takan sake kallonsa in abin ya taso mata, ba ta ma san ko sau nawa ba. A sabon da aka yi bana kuwa, in ji ta, yaron bai dawo ba, ba a kuma tsinci komai ba, an rufe ne uwar na shara. Shi ya sa masu kallo ke ta zagi a ƙarƙashinsa, suna cewa an cuce su, a maido musu na da.

Na daɗe ina kallon yarinyar nan. Ta zo gidana da ƙuruciyarta, yanzu ga layi ya fara fitowa a gefen bakinta, ta iya wuyan riga, ta iya karya allura don ta kare ni. Ni ban ga kashin ba na zauna jira, ita ta gani ta zauna jira. Dabarar Madam ba ta cece mu ba, kuma da tana nan da na buga katako na gaya mata haka, na ce hukuma ta yi kuskure da ba ta faɗin dalili. Wataƙila da ta ce in ji da zarena. Amma ta ga abin da ke cikin kashin nan tun kafin mu, ta kuma san wa zai ci, don mu biyun nan ta hana, ba ta ƙara kowa ba.

Na ɗauki wayar na miƙa wa Saratu.

"Wannan ba naki ba ne," na ce. "Goge shi. Gobe ki tahi Manga ki ce ma babanki ina son ganinai."

Ita ma ba ta yi kuka ba. Ta ce to, Inna. Daga baya ta tashi ta ɗauko sabuwar allura ta sa wa keken, ta ɗaure, ta gwada a ƙyalle.

Mahaifin ya zo, an yi magana, maganar na gaban alƙali yanzu. Na riga na ware atamfar da zan ɗinka mata, ni zan yi wuyan da kaina ko da bai kai nata kyau ba. Abin da ya rage na Madam Ngozi a garin nan ba shi da yawa. Ba kabari, ba shago, kwamfutar ma an sayar, masu tasowa ba su san an taɓa yin wata mata da sai ta dubi fuskarka kafin ta ba ka abin kallo ba. Ni dai na san an yi ta, na kuma ji maganarta ta fito daga bakina ranar da ake bukatarta, ga wadda ta fi ni bukata.

Saura abu ɗaya. Kafin Saratu ta goge kashin nan a ranar, na ce ta tura mini shi a wayata. Ta tsaya da yatsa a kan waya tana kallona, irin kallon nan na saman gilashi, ko da yake ita ba ta sa gilashi. Na ce mata ni uwa ce, babu alƙalin da ke raba wannan. Ta tura. Ban buɗe shi ba, ban kuma goge ba, yana nan tsakanin hotunan samfurin ɗinki. Na san abin da Madam za ta ce. Wayar tana nan cike da caji, kusa da keke, inda na saba ajiye ta.